Shekarar da Na Hana Malam Ragon Layya

Ku 'ya'yana, kun raɗa wa shekarar nan suna, kuna ce mata Sallar Gajere. Duk sanda kuka taru a gidan nan na Tudun Wada sai wani ya tsokano maganar, ku yi ta dariya har da riƙe ciki, wai shekarar da Inna ta hana Baba rago, ya yanka abin da bai fi kyanwa ba. Ina jinku daga ɗaki. Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ke ci mini rai shi ne na san tuntuni kun yanke hukunci cewa na fifita dabba a kan mutuncin babanku. Shi ya riga mu gidan gaskiya, ba zai tashi ya yi muku bayani ba. Ni kuwa da sauran numfashina, kuma hannun da ya riƙe alli shekara talatin a firamare bai manta rubutu ba. Ku zauna ku ji yadda aka yi.

Tumakin gidan nan ba a kasuwa na saye su ba. Ranar da za a kawo ni ɗakin babanku, mahaifiyata, kakarku Asabe, ta sa aka ɗaura tumaki biyu a bayan motar kaya, tare da gado da kwanoni. 'Yan ƙasa ne, farare tas, da baƙi zagaye da ido da baki, manya masu faɗin baya. A ƙauyenmu an san irin nan na gidanmu. Tunkiya ba ta haihuwar ɗaya sai in tsufa ya kama ta, kuma tun 'ya'yan suna ciki mutane ke zuwa kama layi. Kakarku ba mai yawan magana ba ce, amma ranar nan ta riƙe hannuna a bakin mota.

“Saude, ba ni da zinaren da zan ba ki. Waɗannan su uwata ta ba ni, ita ma uwarta ta ba ta. Kada su ƙare a hannunki.”

Na ce to. Ban san nauyin abin da na amsa ba sai bayan shekara ashirin da wani abu.

Ga yadda nake kiwo, kuma haka kowace mace a layinmu ke yi. In tumaki sun haihu an yaye, sai in duba a cikin 'yan raguna in ware wanda ya fi kowa kyau da ƙiba, in ce wannan na layyar Malam ne. In kai shi turke shi kaɗai a gefen madafa, in yi ta ɗura masa dusa da harawa da ƙowar wake da kanwa. Ba na bari ko inuwar tunkiya ya gani, don kowa ya san ragon da ke bin tumaki ramewa yake yi. Sauran 'yan ragunan masu ɗan kyan gani, mahauta da 'yan suna su kwashe. Wanda ya rage, wanda ba mai so, ɗan tsurut mai ƙashin baya a waje, shi nake bari a cikin tumaki, tunda ba asarar komai in ya rame. Shekara da shekaru haka nake yi, ina ganin kaina gwanar kiwo.

Sai tumaki suka shiga ƙanƙancewa. Ba dare ɗaya ba, a hankali, yadda ba ka lura sai baƙo ya zo ya ce, af, waɗannan awaki ne ko tumaki? Tagwaye suka ɗauke ƙafa. Na ɗora wa abinci laifi, na ƙara dusa. Na ɗora wa tsutsar ciki, na yi ta ɗura musu magani. Na ce zaman birni ne bai karɓe su ba. Har bakin mutane na zarga, na sa aka yi rubutu aka yayyafa a garke, Allah Ya yafe mini zaton da na yi wa maƙwabtana. A shekarar da nake ba ku labari, tumaki shida gare ni, duk ƙanana, sai ɗan ragon da ke yawo a cikinsu, wanda kuka raɗa wa Gajere. A turke kuma akwai Mai Kwalli.

Mai Kwalli labarinsa daban ne. Uwarsa ita ce tsohuwar tunkiyar da muke kira Dattijuwa, ta ƙarshe a masu girman irin kakarku. Wata rana ta tsinke igiya ta ɓace kwana biyu, sai a kara, kasuwar dabbobi, aka same ta, a tsakiyar ragunan wani dillali. Bayan wata biyar ta haifi tagwaye, mace da namiji. Macen damina ta ɗauke ta, ita ma Dattijuwa ba ta daɗe da yaye ba ta mutu. Namijin kuwa, tabarakallah. Ɗan tagwaye ne amma a wata shida ya ninka sa'o'insa. Rabon da a ga rago irinsa a gidan nan har na manta. Nan take na kai shi turke, na ce bana Malam zai fita kunya.

Saura kamar sati shida Babbar Sallah, wata tunkiya ta haifi ɗa da bai fi tafin hannuna biyu ba. Ko tsayuwa bai iya yi ba, ya kwana biyu ya mutu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sa hijabi na hau keke zuwa Kwangila a nan Zariya, shagon Oga Emeka mai maganin dabbobi. Ku da kuka san shi da furfura a bayan kanta ba ku san cewa ya yi shekara ashirin a gonar binciken dabbobi ba, yana auna 'yan tumaki a sikeli yana maƙala musu lamba a kunne. A Zariya aka haife shi, Hausar bakinsa ta fi ta wasunku. Na ce ya ba ni magani mai ƙarfi, ba irin na bara ba.

“Hajiya, shekara nawa kina sayen magani a wurina? In na ƙara sayar miki na ci haram. Gobe zan zo in gan su da idona.”

Ya zo da hantsi, suka gaisa da babanku a zaure, aka yi masa iso. Ya daɗe a cikin garken yana buɗe bakin wannan, yana shafa cikin waccan. Ya tsaya a kan Gajere ya yi ta kallonsa. Can ya juya ya hango Mai Kwalli a turke, sai ya riƙe baki.

“Hajiya, wane ne uban 'ya'yan tumakin nan?”

Na nuna Gajere.

“Shi kuma wa ya haife shi?”

Na ce wani irinsa ne, mun sayar bara.

“Uwarsa fa?”

Na nuna ta, tana nan a cikin shidan. Ya ce sauran fa? Na ce biyu yayyensa ne. Ya nuna turke.

“Wancan sarkin fa, 'ya'yansa nawa?”

Na ce haba Oga, na layya ne, ai ba a barinsa ya bi tumaki, na kuma ba shi labarin yadda uwarsa ta ɓace ta samo cikinsa. Ya zauna a kan turmi ya dube ni, kamar yadda nake duban ɗalibin da ya san amsa ya rubuta akasinta.

“Hajiya, tumakinki ba su da ciwon komai. Ke ce kike yanka irin kina ajiye ƙaiƙayin. Tunkiya ɗa ɗaya ko biyu take ba ki. Rago kuwa shi ne uban kowa, rabin jinin garken nan nasa ne. A gona mun auna dubbansu, ranar haihuwa, ranar yaye, ranar cika shekara, muna rubuta uwa muna rubuta uba. Girman jiki yana bin jini. Ba duka ba, abinci na da nasa rabon, amma yana bi sosai. Ke kuwa kowace shekara sai ki tsamo wanda ya fi kowa ki ɗaure shi har wuƙa ta same shi, ki bar wanda ya fi kowa lalacewa yana barbarar uwarsa da yayyensa. Sau ɗaya tak wani uban ya shigo gidan nan, shi ma tunkiyar ce ta gudu ta nemo da kanta. Ga abin da ta haifa can a turke.”

Ni da nake zargin maƙwabta, ashe hannuna ne. Na tambaye shi tagwayen fa, za su dawo? Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce wannan jini bai cika riƙe ta ba, kaɗan take bi, ya fi dogara ga ƙoshin tunkiya kafin ta ɗauki ciki, sai an yi haƙuri shekara da shekaru ana ajiye 'ya'yan masu tagwaye. Amma girma, ya ce, in na bar Mai Kwalli, zan gani da idona a haihuwar farko. Na ce to a sake shi yau, ya yi aikinsa kafin Sallah, sannan a yanka. Ya girgiza kai. Ya ce ya shafa su, biyar duk da cikin Gajere, ba za su sauke ba sai bayan Sallah, ta shidan kuma jego take yi, ga ta a rame. Ko dai ragon ya tsallake Sallar bana da ransa, ko kuma jinin Dattijuwa ya tafi a tukunyar suya.

Na ce in sayi wani babban rago bayan Sallah fa, Balami ko Uda? Ya ce zan iya, za su ba ni tsawo, amma ba su jure daminarmu kamar 'yan ƙasa, kuma wannan ba irin uwata ba ne, wani garken ne sabo.

Kwana uku ina juya maganar. Ku fahimci halin da babanku ke ciki a lokacin. Ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, abin hannunsa ya ja baya, amma mutum ne da bai yarda a gane ba. Rigarsa kullum a goge, hularsa a karye. Tun da watan ya matso, kowace la'asar yakan sa a fito da Mai Kwalli ƙofar gida a wanke shi da sabulu, ya shimfiɗa tabarma kusa da shi, masu wucewa suna cewa, “Malam Isyaku, bana kai ne sarkin layi!” yana murmushi yana cewa ai na Allah ne. Ga shi shekarar aka kai ke Hadiza gidan mijinki a unguwar Kongo, gidan 'yan boko masu hali, kuma Sallar farko dole cinyar da za a aika wa surukai ta zama abin nunawa. Duk na san wannan. Kada wani ya ce muku ban sani ba.

Ranar ta huɗu da safe na kai masa koko da ƙosai, na zauna a bakin tabarma, na kwashe duk abin da Oga Emeka ya faɗa na gaya masa. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

“To yanzu me kike so ki ce?”

“Malam, bana ba zan ba da Mai Kwalli ba. Ga Gajere nan, ya haura shekara, ba shi da aibu ko ɗaya, layya ta halatta da shi.”

Ya ajiye ludayin.

“Saude, Ubangiji ake ba wa. Mafi kyau ake miƙa Masa, ba abin da aka rasa mai saye ba.”

“Na sani, Malam. Shekara ashirin ina miƙa mafi kyau, ban taɓa yi maka ƙwauro ba. In na ba da wannan bana, baɗi Gajeren ne dai za ka yanka, baɗin baɗaɗa ma ɗansa, wanda bai kai shi ba. Shekara ɗaya nake roƙo.”

“Duk layin nan sun ga ragon.”

“Sun gani.”

“Ki bari ya wuce, bayan Sallah in nemo miki wani.”

“Ba jinin Innata ba ne.”

Da ya yi faɗa da na ji daɗi, don na shirya wa faɗa. Amma sai ya ɗauki hularsa ya miƙe, ya yi magana a hankali kamar yana yi da baƙuwa.

“Ai dukiyarki ce, Hajiya. Ni na manta.”

Bai taɓa ce mini Hajiya a cikin gida ba sai ranar. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, na fito na wanke fuska, na je na kwance Mai Kwalli daga gefen madafa na mayar da shi can ƙuryar garke inda ba a hango shi daga zaure. Ban canza magana ba. Yayar babanku ta zo daga cikin birni ta wanke ni tas, ta ce boko ne ya lalata ni, na bar mai shagon magani yana raba ni da mijina. Kai Nasiru, lokacin kana da shekara ashirin da biyu, ka tsaya a tsakar gida ka ce, “Inna, wallahi kin ba mu kunya.” Duk na shanye. Ina da taurin kai, ban musa ba, a wurin kakarku na gada.

Ranar Sallah babanku ya dawo daga idi, ya yanka Gajere da hannunsa a ƙofar gida, bai ɓoye ba. Aka feɗe aka rataye. Dama da hagu ragunan maƙwabta na rataye kamar 'yan maruƙa, namu a tsakiya abin tausayi. Wani ya wuce ya ce, “Malam, ina babban? Ko sai gobe?” Ya ce, “Wannan ne Allah Ya hore.” Ina bayan ƙyaure ina ji. Cinyar da aka kai Kongo a ƙaramin kwano ta shige har da sauran wuri. Hadiza, na san abin da dangin mijinki suka yi ta faɗa, kin ɓoye mini amma ya dawo kunnena. Ki yafe mini wannan. Ke ba ki da hannu a ciki, kuma ke kika fi kowa shan zafinsa.

Bayan tumakin sun sauke sun huta, na ƙosar da su sosai yadda Oga Emeka ya ce, sannan na saki Mai Kwalli. Ya koya mini wata dabara tunda ba ni da sikeli. In an yaye ɗa, in zagaya ƙirjinsa da igiya in ƙulla, in rataye igiyar a ƙusa da sunan uwarsa. Haihuwar farko, ƙullin 'ya'yan Mai Kwalli ya zarce na 'ya'yan Gajere da faɗin yatsu uku. Na riƙe igiyoyin biyu a tsakar gida ina ta hamdala ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Bayan shekara biyu na ba da shi musaya ga wata mata a ƙauyenmu da daga baya na gano tana da sauran dangin irin, don kada ya hau 'ya'yansa mu koma gidan jiya. Tun daga nan dokata ɗaya ce, na ɗaya na iri ne, na biyu na layya. Tagwaye kuwa sun ba ni wahala yadda aka faɗa mini. Sai a shekara ta shida na ga biyu a ciki ɗaya, kuma har yau ba su kai na zamanin kakarku ba.

Amma ga abin da na biya. Babanku bai sake karɓar rago daga hannuna ba. Kowace shekara in watan ya kama, in je in durƙusa in ce, Malam, ga na layya can na ware. Ya ce, “Allah Ya yi albarka, na riga na yi magana da wani.” Ya tafi kara ya jawo ɗan abin da ƙarfinsa ya kai, ya wuce da shi ta gaban ragunana da suka ninka shi biyu. Wata shekarar ma bai yi layyar ba sam, ya ce Allah bai ɗora wa wanda ba shi da hali ba, alhali ga raguna uku a bayan ɗakinsa. Ba mu yi faɗa ba. Muna ci tare, muna hira, ya yi mini komai na kyautatawa. Wannan ƙofa ɗaya ce ya rufe, shekara bakwai. Duk Sallah sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba, don da na ba da ragon nan da yau babu ko tunkiya ɗaya irin ta kakarku a gidan nan.

A shekara ta takwas ciwon nan ya kwantar da shi, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Da hantsi nakan fito da shi tsakar gida ya sha rana a kujera, yana fuskantar garke, tunda nan ne inuwar ba ta kaiwa. Raguna biyu gare ni a lokacin, jikokin Mai Kwalli. Ɗaya ƙato ne na gaske, ɗan tagwaye, ya fi kakansa. Ɗayan ma babba ne, amma bai kama ƙafarsa ba. Na dubi babanku, yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, na san ba lallai ya ga wata Sallar ba. Na karya dokata. Na kwanto babban na kawo shi har gaban kujerarsa.

“Malam, don girman Allah kada ka ce mini ka yi magana da wani. Ga shi. Na ɗayan ne.”

Ya miƙa hannu ya shafa bayan ragon tun daga wuya har gindi, ya matsa ƙirjinsa, yadda ya ga ina yi. Ashe duk shekarun nan yana kallo.

“Wannan ya bi tumaki?”

“Bai bi ba tukuna.”

“To ke da hankalinki, Saude? Mayar da shi. Kawo mini wancan.”

Na tsaya riƙe da igiya. Ya ce in daina tsayuwa a kansa kamar soja. Da na juya zan tafi ya kira ni.

“Kuma kada ki gaya wa yaran nan. Sai su ce na sauko.”

Na riƙe masa wannan har ya koma ga Mahaliccinsa wata huɗu bayan nan, na kuma riƙe shekarun da suka biyo baya. Yau na saki, Allah Ya yafe mini, shi ma ya yafe mini.

Nasiru, kai ka yi yankan shekarar, don hannun babanka ba ya iya riƙe wuƙa. Ka shigo ka ga ƙaton a garke, ka ga na biyun a ƙofar gida, ka dube ni sau ɗaya, ba ka sake yi mini magana ba har ka koma. Na ji abin da ka gaya wa matarka a zaure, cewa ko a Sallarsa ta ƙarshe Inna ba ta iya sakin na ɗayan ba. Na sake shi, ɗana. Ragon da ka kwantar ranar nan, babanka ne ya zaɓe shi da bakinsa.